Jikina Ya Ba Ni: Gardamarmu ta Samaru

Wanda ya yi wayo bayan shigowar wayar salula a 2001 da wuya ya san nauyin da rashin labari yake da shi a da. In mutum ya bar gida ya nufi Ikko ko ya gangara Kurmi, sai dai a zauna jiran wasiƙa, ko a riƙa zarya zuwa tasha ana tambayar direbobi, ko a kasa kunne a filin gaishe-gaishe na Rediyon Kaduna ko Allah ya sa a ji sunansa. Tsakanin fitar mutum da isowar labarinsa akan yi makonni, wani lokaci watanni, kuma a cikin wannan jira iyayenmu mata ba su da abin dubawa sai zuciyarsu. "Jikina ya ba ni ba lafiya ba." "Tun asuba gabana ke faɗuwa." "Yau idona sai rawa yake yi." Ba a ɗaukar irin waɗannan maganganu da wasa a gidajenmu. In ana cikin zancen mutum ya yi sallama, sai a ce ɗan halak ya ƙi ambato. In tsohuwa ta yi mummunan mafarki da wani, akan yi sadakar waina ko ƙosai tun kafin a ji abin da ya faru.

Da wannan tarbiyya muka shiga jami'a a Samaru, Zariya, a farkon shekarun 1980, aka shiga koya mana cewa abin da ba a auna ba, ba a gama saninsa ba. Mu huɗu ne a ɗaki, kuma ba ma kiran juna da sunan yanka. Akwai Likita, wanda ke karatun likitanci, mutum ne mai kaifin baki da ba ya karɓar magana sai ya juya ta ciki da bai. Akwai Injiniya, ɗan sashen lantarki, wanda duk rediyon da ta lalace a layinmu wurinsa ake kawo ta. Akwai Ustaz, da ya sauke Alƙur'ani a tsangaya kafin ya shiga boko, yana karanta shari'a. Ni kuma ina sashen lissafi.

Gardamar ta faro ne daga wata tsohuwar mujallar Amurka da Injiniya ya saya a wurin masu baza littattafai a ƙasa. A ciki akwai labarin Uri Geller, ɗan Isra'ilan nan da ya yi tashe a shekarun 1970 yana cewa da ƙarfin tunani yake lanƙwasa cokali, kuma yana iya zana hoton da wani ya ɓoye a cikin ambulan. Daga daren nan har muka gama shekarar, tambaya ɗaya ce ke dawo mana bayan sallar isha'i: shin sadarwar zuci, wato mutum ya san abin da ke ran wani ba tare da ya gani ko ya ji ba, da sauran danginta irin su hangen abin da ke nesa da sanin abu kafin ya auku, za a iya sa su a sahun kimiyya?

Injiniya bai taɓa shakka ba. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwa tana fitar da lantarki, likitoci ma suna auna shi da na'ura, kuma duk abin da ke fitar da lantarki zai iya watsa saƙo kamar tashar rediyo. In akwai mai watsawa, me zai hana a sami mai kamawa? Yakan kawo littafin da marubucin Amurka Upton Sinclair ya fitar a 1930 a kan gwaje-gwajen da ya yi da matarsa, wanda Albert Einstein da kansa ya rubuta wa gabatarwa. Babban makaminsa kuwa shi ne cewa a 1969 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka ta karɓi ƙungiyar masu binciken waɗannan al'amura a cikin inuwarta, da goyon bayan shahararriyar masaniyar al'adu Margaret Mead. "To Likita, ka fi su sani ne?"

Likita yakan tashi zaune a kan gado. "Injiniya, je ka kasuwar Sabon Gari ranar da 'yan rufa-ido suka buɗe fage, za ka ga abin da ya fi lanƙwasa cokali." Ya san cewa a 1973 Geller ya shiga shirin talabijin na Johnny Carson, wanda shi ma ya taɓa sana'ar rufa-ido, aka tanadi cokula da sauran kaya ba tare da an bari mutanen Geller sun taɓa su ba, ya zauna a gaban jama'a ya kasa yin komai. Ya kuma san cewa a 1979 masanin fiziya John Wheeler ya tashi a taron waccan babbar ƙungiya ya nemi a sallami waɗanda aka karɓa ɗin, ko da yake ba a sallame su ba. Lantarkin ƙwaƙwalwa kuma, in ji shi, bai wuce 'yan ɓurɓushin kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba, sai an manna wayoyi a fatar kai ake iya kama shi, balle a ce ya tsallaka daga Zariya zuwa Sakkwato.

Matsayin Ustaz ya fi nasu zurfi, kuma na daɗe kafin in gane zurfinsa. Shi bai musa cewa Allah yakan sanar da bawansa abin da ke nesa ba. Yakan kawo ruwayar da ake bayarwa cewa Sayyidina Umar yana huɗuba a Madina ya ɗaga murya ya gargaɗi kwamandansa Sariya, wanda ke fagen yaƙi a ƙasar Farisa, ya fake da dutse, kuma Sariya ya ji. Yakan yi maganar mafarkin gaskiya da firasar mumini. Amma sai ya ce duk wannan kyauta ce, ba ta hannun bawa, ba ya kiranta lokacin da ya ga dama. Wanda ya ce shi kullum a shirye yake ya faɗa maka abin da ke ɓoye in ka ajiye kuɗi, sunansa boka, kuma mai zuwa wurinsa ya jefa sallarsa ta kwana 40 a cikin haɗari. Ya taɓa karanto mana yadda Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yarda cewa rai yana iya tsinkayar wani abu a cikin barci, amma ya yi watsi da bugun ƙasa, ya ce ba shi da tushe. Hukuncin Ustaz shi ne: abin da ba ya zuwa in an kira shi, ɗakin gwaji ba zai kama shi ba, saboda haka ko gaskiya ne ba kimiyya ba ne.

Ni kuwa abin da nake riƙe da shi labarin gidanmu ne. Yayana, ɗan farin Inna, direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa da tumatir zuwa Ikko. Wani dare da sanyi, ina ɗan sakandare, na farka na tarar da Inna zaune a kan buzu a tsakar gida da carbi a hannu. Ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, kuma ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Amma a daren nan ta ce mini, "Yayanka ba lafiya yake ba." Ba ta koma ɗaki ba har aka kira assalatu. Bayan 'yan kwanaki wani ƙaren mota ya yi sallama da labarin cewa motarsu ta faɗi wajen Mokwa a wannan daren, Yaya ya karye a ƙafa, yana asibiti. Da idona na ga Inna a kan buzun nan, da kunnena na ji maganarta. Duk lokacin da Likita ya ɗaga murya, wannan dare nake tunawa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai muka ce gani ya kori ji. Na samo bayanin gwajin da J. B. Rhine ya yi a Jami'ar Duke ta Amurka a shekarun 1930, da katunan da abokin aikinsa Karl Zener ya tsara. Katuna 25 ne, zane iri biyar, kowanne sau biyar: da'ira, gicciye, murabba'i, tauraro, da layuka uku masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Mutum ɗaya ya ɗaga kati ya zuba masa ido, ɗayan ya faɗi abin da ya zo masa a rai. Mai canki-canka kawai zai riƙa dacewa da biyar cikin 25 in aka haɗa zagaye da yawa aka raba. Rhine ya ce ya sami mutanen da ke wuce haka nesa ba kusa ba, ya buga littafi a kai a 1934.

Kwalayen sukarin St. Louis da muke shan gari da shi muka tara, muka yanka da reza, na yi zanen da biro a farin cikin kwalin. Mu huɗun nan babu wanda ya taɓuka abin kirki: huɗu, shida, biyar, uku. Sai wani yaro daga ɗakin da ke kusa da mu, ɗan sashen noma, mai shiru-shiru, ya zauna. Da farko shi ma kamar kowa. Da aka yi ta maimaitawa sai ya fara cin tara, goma, har sha ɗaya. Na san lissafin: mai canke zai iya kai tara ko fiye kusan sau ɗaya cikin 20, amma a ce kusan kowane zagaye, wannan ya wuce sa'a. Kafin mako ya zagayo ɗakinmu ya zama dandali. Mutane a bakin taga, mutane a kan gadon sama, a yi tsit in an ɗaga kati, in ya dace a ɗauki kabbara. Wasu suka fara kiransa Waliyyi, abin da ya dame shi ƙwarai. Likita kansa ya yi shiru, yana ta duban takardar da nake rubuta sakamako.

Na ɗauki takardar na kai wa malaminmu na ƙididdiga, wani dattijo mutumin Sakkwato mai sanyin magana. Ya duba lambobin, ya ce lissafina daidai ne, sannan ya ce in kawo katunan. Washegari muka je mu duka. Ya kife su a kan teburinsa, ya baje su, ya ce, "Samari, ku duba bayansu." Muka duba. Kowane kati da irin bayansa. Wannan yana ɗauke da rabin harafi, wancan shuɗi ne zalla, wani rezar ta ci gefensa, wani ya lanƙwashe a kusurwa saboda yawan riƙo. Ya tambaye mu ko muna faɗa wa yaron in ya dace. Muka ce ai duk ɗakin ma kabbara yake yi. Ya ce to kun koya masa bayan kowane kati, kuma kun ba shi damar ƙirga abin da ya rage a hannu.

Yaron ya rantse bai san yana yin haka ba, Malam kuma ya ce ya yarda da shi. Ya ba mu labarin wani doki a Balin ta Jamus da ake kira Hans Mai Wayo, wanda ake ba shi lissafi ya amsa da bugun kofato, mai shi ma ya yi imani da shi tsakani da Allah. Sai da Oskar Pfungst ya bi abin a hankali, ya fitar da sakamakonsa a 1907, aka gane cewa dokin yana lura ne da ɗan motsin kai da fuskar mai tambaya in ya iso lambar da ake so. In mai tambayar bai san amsa ba, ko aka rufe wa dokin ido, shi ke nan. Ya ƙara da cewa katunan Rhine ma na farko da aka sayar a kasuwa, in haske ya faɗa musu ta wani gefe ana iya hango zanen ta baya.

Sai ya shimfiɗa mana sharuɗɗa. Mai ɗaga kati a ɗaki ɗaya, mai canka a wani. Kada a faɗa wa kowa ko ya dace sai an gama. Mutum biyu su rubuta, kowa da takardarsa, da biro. Kuma, abin da ya fi jaddadawa, a yanke adadin zagayen da za a yi tun kafin a fara, kada a tsaya don an ga abu ya yi kyau, kada a ƙara don an ga ya lalace. Muka bi. Yaron ya dawo wajen biyar kamar kowa, kuma ban taɓa ganin mutumin da faɗuwa ta yi wa daɗi kamarsa ba.

Injiniya bai sallama ba. Ya ce tsaron ya yi yawa, an takura yaron, kuma idon masu shakka irin su Likita yana kore abin. Ba shi ya ƙirƙiro wannan magana ba, domin su kansu masu binciken sun raba mutane gida biyu tun shekarun 1940, masu imani da abin suka kira su tumaki, masu shakka awaki, suka ce tumaki sun fi dacewa. Suna kuma da bayanin da suke bayarwa in gwanin mutum ya dusashe bayan an daɗe ana gwada shi, da wanda suke bayarwa in ya faɗi ƙasa da biyar. Malam ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, "Malam Injiniya, in ya ci ka ce hujja ce, in ya faɗi ka ce an kore abin. Faɗa mini sakamako ɗaya da in ka gan shi za ka ce ka janye." Injiniya ya yi shiru. A ranar na fara jin sunan Karl Popper, wanda ya ce alamar magana ta kimiyya ita ce ta bar ƙofar da za a iya ƙaryata ta. Na ga Ustaz yana gyaɗa kai, domin ta wata hanya dabam shi ma nan ya iso.

Da sauran suka fita na tsaya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to labarin mahaifiyata fa?" Na ba shi daga farko har ƙarshe. Bai yi murmushi ba, bai kuma ce ƙarya ne ba. Ya ce in na je hutu in tambaye ta, cikin ladabi, ko akwai wasu darare da ta ji irin haka ba abin da ya faru.

Na daɗe ina juya yadda zan yi tambayar. Wata rana da yamma tana tsince shinkafa a faifai, na zauna kusa da ita na kawo zancen daren. Na ce, "Inna, kafin wannan daren, kin taɓa jin irin wannan faɗuwar gaban a kan Yaya?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗan nan, tun ranar da ya fara bin hanya wane dare ne na yi barci har safe? Kai dai ranar ka farka ka gan ni." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wannan amsa ta fi duk abin da na karanta a kan batun. Shekara da shekaru tana tashi a kan buzun nan ba wanda ya sani, Yaya yana dawowa lafiya, ba wanda ya rubuta. Daren da tashinta ya dace da hatsari shi kaɗai ya zama labari a gidanmu, muka yi ta ba da shi har na kai shi jami'a a matsayin hujja. Darajar Inna ta ƙaru a idona a ranar, domin abin da na gano ya fi abin da nake zato girma: mace ce da ta kwana tana yi wa ɗanta addu'a dare bayan dare, kunya ta hana ta faɗi sunansa. Ko Allah ya sanar da ita wani abu a wancan daren, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Abin da ba zan iya yi ba shi ne in ɗauki dare ɗaya in bar dubbai in ce na auna.

Daga baya na ci karo da labarin Hans Berger, likitan Jamus. A farkon shekarun 1890, yana soja, dokinsa ya kayar da shi a gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi. A ranar 'yar'uwarsa da ke wani gari mai nisa ta ji hankalinta ya tashi har ta matsa wa mahaifinsu ya aika masa da telegiram. Berger ya tabbata tunaninsa ne ya isa gare ta, ya shiga neman ƙarfin da ya ɗauki saƙon. Bai same shi ba. Abin da ya samu a 1924 shi ne hanyar auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ya buga sakamakon a 1929, kuma da wannan na'ura ake gano farfaɗiya a asibitocinmu yau. Na'urar da Injiniya ke kafa hujja da ita, neman sadarwar zuci ne ya haife ta.

Na bar Samaru na shiga koyarwa, amma ban daina bin zancen ba, kuma adalci ya sa in faɗi cewa da yawa daga masu wannan bincike mutanen kirki ne masu neman gaskiya. Tun da aka kafa ƙungiyar binciken waɗannan al'amura a Landan a 1882 manyan masana suke shiga ciki. Charles Richet na Faransa, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, tun 1884 yake gwada canken katin karta yana auna shi da lissafin dace. Da aka kama Walter Levy, shugaban cibiyar Rhine, yana taɓa na'urar gwaji a 1974, abokan aikinsa ne suka kama shi, Rhine da kansa ya sanar da duniya. Sai dai tarihin yana da wani ciwo da ke dawowa. S. G. Soal, malamin lissafi a Landan, gwaje-gwajensa na shekarun 1940 su ne ake ɗauka hujja mafi ƙarfi, har sai da Betty Markwick ta bi lambobinsa da kwamfuta a 1978 ta nuna an yi musu kwaskwarima. A Amurka kuma James Randi, gwanin rufa-ido, ya tura samari biyu 'yan sana'arsa wani ɗakin bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 1979, suka yi ta nuna abubuwan mamaki, sai a 1983 aka bayyana cewa dabara ce.

Abin da ya fi burge ni a duk tarihin ya faru a 1986. Charles Honorton, wanda ya yi imani da abin, da Ray Hyman, wanda ke shakka, bayan sun daɗe suna sa-in-sa, suka zauna suka rubuta takarda ɗaya suka sa hannu tare a kan sharuɗɗan da gwaji zai cika kafin a karɓe shi. Irin gwajin da suke magana a kai shi ne a kwantar da mutum a kujera, a rufe idanunsa da rabin ƙwallon tebur, a haska masa jan fitila, a sa masa wani shuu a kunne, wani kuma yana can wani ɗaki yana kallon hoto. Bayan kamar rabin awa a nuna wa na kan kujerar hotuna huɗu ya zaɓi ɗaya. Mai canke zai dace kashi 25 cikin 100. A 1994 aka buga sakamakon da ya kai kashi 32, magoya baya suka yi murna. A 1999 Julie Milton da Richard Wiseman suka haɗa gwaje-gwaje 30 da wasu ɗakunan bincike suka yi, suka tarar babu wani bambanci na kirki da canke. Har yau ana ja a kan waɗanne gwaje-gwaje ya kamata a haɗa, waɗanne a cire.

Gwamnatin Amurka ma ta gwada sa'arta. Fiye da shekara 20 tana ɗaukar nauyin masu cewa suna hango abin da ke nesa, don leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da wasunta, ta kashe kimanin dala miliyan 20. A 1995 hukumar CIA ta sa aka tantance aikin. Masaniyar ƙididdiga Jessica Utts ta ce lambobin sun nuna akwai wani abu, Hyman ya ce ba su nuna ba, amma rahoton ya tabbatar cewa ba a taɓa samun bayanin da aka yi aiki da shi ba, aka rufe shirin.

Sannan a 2011 Daryl Bem na Jami'ar Cornell, masani mai daraja, ya buga gwaje-gwaje tara da ya yi da mutum sama da 1,000 a ɗaya daga manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, yana cewa mutane suna jin abu kafin ya auku. A ɗaya daga ciki an dace kashi 53 inda canke zai ba da 50. Masu bincike uku a Birtaniya suka maimaita ɗaya daga gwaje-gwajen, ba su ga komai ba, suka buga a 2012. Abin da ya girgiza masana shi ne Bem ya bi ƙa'idojin da kowa ke bi a fagen. In waɗannan ƙa'idoji za su iya fitar da irin wannan sakamako, to me kuma suka fitar da aka riga aka karɓa? Da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam aka buga a 2015, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ba su kai rabi ba. Maganin da aka koma wa shi ne mai bincike ya rubuta abin da zai yi da yawan mutanen da zai gwada ya ajiye a bainar jama'a tun kafin ya fara. Da na karanta haka na tuna dattijon nan na Sakkwato, Allah ya jiƙansa, da sharaɗinsa na yanke adadin zagaye.

Matsayina a yau shi ne tambayar halattacciya ce, kuma an yi mata aiki irin na kimiyya fiye da shekara 140. Amma har yanzu ba a sami gwaji ɗaya da mai imani da mai shakka za su yi, kowa a ɗakinsa, su sami abu guda ba, alhali ko ɗan aji uku na sakandare zai iya nuna maka maganaɗisu yana jan ƙusa a Kano ko a Yamai, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Saboda haka ba na koya wa ɗalibi cewa kimiyya ta tabbatar da sadarwar zuci, domin ba ta tabbatar ba. Karama da mafarkin gaskiya kuwa na bar su inda Ustaz ya ajiye su, a babin imani, ba sa jiran sa hannun ɗakin gwaji.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu duba na zamani suka ari bakin kimiyya. Ka buɗe TikTok ko Facebook ka ga mutum yana cewa Turawa sun tabbatar, yana ambaton makamashin jiki da igiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan ya sa lambar asusu. Matar da ke zargin kishiya, da saurayin da aka yi wa sata, da uwar da ɗanta ya ɓata, su ne ke tura kuɗin. An raba zumunci, an yi wa bayin Allah ƙazafin sata da maita, a kan maganar wanda bai taɓa yarda a rubuta kurakuransa ba.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman kimiyya da lissafi a makarantun sakandare su ware darasi ɗaya a zango don wannan gwaji. Kwali da biro kawai yake buƙata. Ku bar yaran su fara yinsa yadda suka ga dama har wani ya yi fice, sannan ku kife katunan ku ce su duba bayansu, ku raba su ɗaki biyu, ku sa su yanke adadin zagaye tun farko, kuma kowane kuskure a rubuta shi kusa da kowace dacewa.